Jimi Hendrix, makaɗin da takardar dala ɗaya ta bi shi har kabari

Yau filinmu na tarihin mutanen da suka shahara ya leƙa ƙasar Amurka, domin kawo muku labarin wani baƙar fata makaɗin jita mai suna Jimi Hendrix, wanda ya rasu tun shekarar 1970 yana ɗan shekara 27. Mai yiwuwa wani daga cikin ƴan kasuwarmu ya ce ina ruwan mai rumfa da makaɗin ƙasar Turawa. To, a daure a karanta, don labarin nasa na ciniki ne da bashi da shari'a da gado. Lokacin da yake cikin babu ya sa hannu a wata takarda aka miƙa masa dalar Amurka ɗaya. Takardar nan ce ta ja masa ƙara bayan ya yi arziki, ita ta tilasta masa yin wani faifan garmaho don ya sauke nauyi, kuma shekara 33 bayan an binne shi ana nan ana shari'a a kanta. Faifan da ya yi don biyan bashin, mai suna Band of Gypsys, yana cikin waɗanda masu tara tsofaffin faya-fayai suke farauta har yau.

Tasowa cikin talauci

An haife shi ran 27 ga watan Nuwamba na shekarar 1942 a birnin Seattle, can arewa maso yammacin Amurka. Lokacin ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, mahaifinsa Al Hendrix yana aikin soja, bai sa ɗan nasa a ido ba sai da yaron ya kai shekara uku. Mahaifiyarsa Lucille ta raɗa masa suna Johnny Allen, amma da uban ya dawo sai ya sake masa suna a 1946, ya koma James Marshall Hendrix. Gidan babu kwanciyar hankali, ga talauci, ga shan giya, ga faɗa tsakanin iyayen. A 1951 auren ya mutu, kotu ta ba uban riƙon James da ƙanensa Leon. Wani lokaci akan tura yaron wajen kakarsa ta wajen uba a birnin Vancouver na ƙasar Kanada. A farkon 1958 mahaifiyar ta rasu tana da shekara 32, shi kuma yana da 15.

Tun yana firamare aka lura da shi yana yawo da tsintsiya mai doguwar sanda yana kaɗa ta kamar jita. A 1957, suna kwashe tarkace shi da mahaifinsa a gidan wata tsohuwa, ya tsinci wata ƴar ƙaramar jita mai tsirkiya ɗaya tak, da ita ya fara bin waƙoƙin da yake ji a rediyo. Shekara ta kewayo ya samu jita ta sosai a kan dala biyar, a 1959 kuma uban ya saya masa mai aiki da lantarki. Bai taɓa zama gaban malamin kiɗa ba, bai iya karanta rubutun kiɗa irin na Turawa ba. Da kunne ya koya, yana sauraren faya-fayan manyan makaɗan baƙar fata irin su Muddy Waters da B.B. King, yana maimaitawa dare da rana. Bahago ne, don haka sai ya kifa jitar ƴan dama, ya sake jera tsirkiyoyinta, kuma haka ya ci gaba da yi har ƙarshen rayuwarsa. Makarantar sakandare kuwa bai gama ta ba.

Soja da yawon kiɗa

A 1961 ƴan sanda suka kama shi sau biyu cikin motar sata. Aka ba shi zaɓi, ko gidan yari ko aikin soja. Ya zaɓi soja a ƙarshen watan Mayu, aka kai shi runduna ta 101 ta sojan laima masu dirowa daga jirgin sama, a barikin Fort Campbell da ke jihar Kentucky. A nan wani soja mai suna Billy Cox ya ji shi yana kiɗa, ya ɗauko jitarsa mai kaurin murya da ake kira bas, suka fara kiɗa tare. Mai karatu ya riƙe sunan nan, don zai sake fitowa. Hafsoshi sun ga hankalin yaron yana kan jita fiye da bindiga, a tsakiyar 1962 aka sallame shi.

Daga nan shi da Cox suka zauna a jihar Tennessee, har suka kafa ƴar ƙungiya, daga baya suka koma da ita birnin Nashville. Zamanin wariyar launin fata ne a kudancin Amurka, baƙar fata suna da nasu gidajen rawa daban, makaɗa suna bin su gari gari a cikin bas. Hendrix ya yi shekaru yana wannan yawo a matsayin yaron manya, yana kaɗa wa mawaƙa jita a baya. Ya yi aiki da ƙungiyar Isley Brothers a 1964, sa'an nan da Little Richard, inda suka yi ta samun saɓani a kan latti da irin tufafin da yake sawa da yadda yake janye idon ƴan kallo daga kan maigida, har aka sallame shi a tsakiyar 1965. A birnin New York ya sha wuya ƙwarai. Sau da yawa yakan jinginar da jitarsa don ya ci abinci ko ya biya kuɗin ɗaki, in ya samu aiki ya je ya fanso ta.

Takardar dala ɗaya

Cikin wannan hali ne ya haɗu da wani mawaƙi mai suna Curtis Knight, wanda ya kai shi wajen wani ɗan kasuwar faifai, Ed Chalpin, mai kamfanin PPX. Sana'ar Chalpin ita ce ya tara makaɗa masu araha su kwaikwayi waƙoƙin da suka yi tashe a Amurka, ya sayar a ƙasashen waje. Ran 15 ga watan Oktoba na 1965 Hendrix ya sa hannu a yarjejeniyar shekara uku, cewa duk kiɗan da zai ɗauka a faifai cikin wannan lokaci na PPX ne. Abin da aka ba shi a hannu dala ɗaya, da alkawarin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin faya-fayan da aka sayar. Kada masu ƙidaya da sefa su rikice, dalar Amurka ake nufi, wadda a canjin wancan lokaci ta kusa sefa 250, wato dala hamsin a ƙidayar kasuwa.

A ganinsa a ranar, bai yi asarar komai ba, tunda babu mai neman kiɗansa, kuma ga damar shiga ɗakin ɗaukar murya. Wata uku kafin haka ma ya sa hannu a wata takardar da kamfanin Sue Records. Mai yunwa ba ya tsayawa lissafin shekara uku. Shi kuwa Chalpin ya adana takardarsa.

Landan ta buɗe masa ƙofa

A 1966 yana kiɗa a wani ɗan gidan shaƙatawa mai suna Cafe Wha? a unguwar Greenwich Village ta New York, sai wata Baturiyar Ingila mai suna Linda Keith ta kawo Chas Chandler ya ji shi. Chandler makaɗi ne a ƙungiyar The Animals, yana shirin barin kiɗa ya koma manajan mawaƙa. Ya ɗauke shi zuwa Landan, suka sauka ran 24 ga Satumba 1966. Aka haɗa shi da Turawa biyu, Noel Redding mai jitar bas da Mitch Mitchell mai ganguna, aka sa wa ƙungiyar suna The Jimi Hendrix Experience. Wasansu na farko a Faransa suka yi shi, a garin Évreux ran 13 ga Oktoba, suna share wa Johnny Hallyday fage, bayan kwana biyar kuma suka hau dandalin Olympia a Paris. Chandler da abokin kasuwancinsa Michael Jeffery sun bi takardun da Hendrix ya tuna ya sa wa hannu sun fanshe su, amma ta Chalpin ba ta shiga lissafi ba.

Cikin wata tara duniya ta san shi. Waƙarsa ta farko, Hey Joe, ta fito a Disamba 1966 ta hau matsayi na 6 a jerin waɗanda aka fi saye a Ingila, Purple Haze ta hau na 3, babban faifansu na farko, Are You Experienced, ya fito a Mayu 1967 ya tsaya na 2, faifan ƙungiyar Beatles kaɗai ne a gabansa. Ran 18 ga Yuni 1967, a bikin kiɗa na Monterey a jihar California, ya gama wasa ya zuba wa jitarsa mai ya cinna mata wuta a gaban dubban mutane, daga ranar ƙasarsa ta haihuwa ta san da shi. Yakan kaɗa jita da haƙora, ko ya ɗora ta a ƙeya. Amma abin da ya girgiza sauran makaɗa shi ne yadda yake sarrafa sauti. Kukan nan da lasifika take yi in an ƙure ta, wanda kowa yake gudu, shi sai ya mayar da shi kiɗa. Daga irin wannan salo ne kiɗan rok mai tsananin ƙara ya samo tushe. A Oktoba 1968 faifansa na uku, Electric Ladyland, ya fito, a watan Nuwamba kuma ya zama na ɗaya a Amurka.

Mai takarda ya taso

Da Chalpin ya ga sunan yaronsa na da yana yawo a jaridu, sai ya zaro takardarsa, ya shigar da ƙara a Amurka da Ingila a kan Hendrix da manajojinsa da kamfanonin da suke buga faya-fayansa. Hujjarsa a fili take, shekara uku ba su cika ba, don haka duk abin da aka ɗauka a Landan cikin wa'adinsa aka yi shi. Hendrix ya ƙara dagula wa kansa lamari, domin a watannin Yuli da Agusta na 1967 ya koma ɗakin ɗaukar murya na PPX don zumunci da Curtis Knight, suka yi kiɗa ana ɗauka, abin da ya ƙarfafa hannun Chalpin. A Disamba na wannan shekara kamfanin Capitol ya fito da faifai mai suna Get That Feeling daga kaset-kaset ɗin Chalpin, da hoton Hendrix a bango, alhali a ciki shi ɗan rakiya ne kawai a bayan Knight. Masu saye suka ɗauka sabon kaya ne, ashe kwantai aka sake wa kwali.

A 1968 lauyoyi suka yi sulhu a kan ƙarar ta Amurka. Babban sharaɗin shi ne Hendrix zai ba da cikakken faifai guda na sababbin waƙoƙi, Capitol ya buga ya sayar a Amurka, amfanin ya tafi wajen Chalpin. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ladan dala ɗaya ne, askin kuwa faifan mutumin da a lokacin ya fi kowane makaɗin rok tsada.

Shekarar 1969 ta zo masa da nauyi. Chandler ya riga ya janye tun 1968, ya bar shi a hannun Jeffery. Ran 3 ga Mayu ƴan duwan, wato kwastan, na filin jirgin saman Toronto a Kanada suka samu hodar heroin da wani nau'in tabar wiwi a jakarsa. Aka ba da belinsa, ya yi wata bakwai da fargabar ɗaurin shekaru. A gaban kotu ya amsa cewa ya taɓa shan wasu ƙwayoyi, amma ya ce wannan ƙullin wata mai son kiɗansa ce ta ba shi a matsayin magani, ya jefa a jaka bai duba ba. Ran 10 ga Disamba aka sallame shi. Masu tsallaka iyaka da saƙon mutane sun san irin wannan haɗari. A ƙarshen Yuni Redding ya bar ƙungiya. A watan Agusta Hendrix ya rufe babban taron Woodstock, inda aka biya shi dala 18,000, fiye da kowane makaɗi a wurin. Duk da haka kuɗi ba sa zama, domin shi da Jeffery sun shiga ginin ɗakin ɗaukar murya nasu na kansu a New York, mai suna Electric Lady, wanda ya ci kusan dala miliyan ɗaya har sai da suka ciwo bashi. Capitol kuma yana ta matsa lamba a kawo masa faifansa.

Dare biyu a Fillmore East

Hanya mafi sauri da araha ita ce a ɗauki wasa kai tsaye a gaban jama'a. Hendrix ya nemo tsohon abokinsa na soja, Billy Cox, ya riƙe bas, da wani ƙaƙƙarfan makaɗin ganguna mai suna Buddy Miles wanda shi ma mawaƙi ne. Dukansu uku baƙar fata ne, saɓanin ƙungiyarsa ta Landan. Suka yi makonni suna gwaji, suka kira kansu Band of Gypsys, wato ƙungiyar masu yawo marasa mazauni. Suka yi wasa huɗu a zauren Fillmore East na New York mai cin mutum fiye da 2,500, biyu a daren 31 ga Disamba 1969, biyu a daren 1 ga Janairu 1970, ana ɗauka duka.

Daga wasanni biyu na ran 1 ga Janairu aka tsamo waƙoƙi shida, huɗu na Hendrix, biyu na Miles, tsawonsu duka kamar minti 45. Babu ko ɗaya daga cikin tsofaffin waƙoƙinsa da suka yi tashe. A waɗannan darare ya rage wasan haƙora da tsalle-tsalle, ya fi tsayawa wuri ɗaya yana kiɗa. Ƙashin bayan faifan ita ce waƙar Machine Gun, wato bindiga mai aman harsashi, wadda ta wuce minti 12. Lokacin Amurka tana yaƙi a Biyetnam, a gida kuma ana tarzoma a manyan birane. Kafin ya fara ya sadaukar da ita ga masu faɗa a biranen Amurka da sojojin da ke Biyetnam. A cikinta jitar tana kukan jirgin yaƙi da faɗuwar bam da ihun mutane, gangunan Miles suna amsawa kamar harbi. Tsohon sojan laima ne yake kaɗa ta, tsohon soja ne kuma yake riƙe masa bas. Masana kiɗa da yawa suna ganin a nan ne gwanintarsa ta kai ƙololuwa, kuma makaɗan rok mai ƙara da na fank na shekarun 1970 sun ɗebi abubuwa da dama daga wannan faifai.

Ƙungiyar ba ta yi tsawon rai ba. Ran 28 ga Janairu 1970, a wani taron neman zaman lafiya a Madison Square Garden, Hendrix ya hau dandali ba ya cikin hayyacinsa, ya yi waƙa biyu ya sauka, a daren Jeffery ya sallami Miles. Hendrix da injiniyansa Eddie Kramer suka tace kaset ɗin suka miƙa. Capitol ya fito da faifan ran 25 ga Maris 1970, ya hau matsayi na 5 a Amurka. A Ingila kamfanin Track ya fito da shi a watan Yuni, ya hau na 6. Shi kansa mai kayan ya gaya wa ƴan jarida bai gamsu da shi ba, da son ransa ne da bai fitar ba, bashi ne ya sa. Shi ne kuma faifan wasan kai tsaye guda ɗaya tak na shi kaɗai da ya amince da fitarsa yana raye.

Yadda masu tarawa suke tantance shi

Ga matasan da suka tashi da kaset da faifan CD da waya, babban faifan garmaho baƙin faranti ne na roba mai faɗin santimita 30, yana juyi 33 da sulusi a minti, allura tana bin siririn layin da aka tsaga a jikinsa, kowace fuska tana ɗaukar minti ashirin da ƴan kai. A ƙarshen shekarun 1980 CD ya kore shi daga kasuwa, amma daga baya ya farfaɗo, har a 2022 yawan faifan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987.

An sake buga Band of Gypsys sau da yawa, kuma sabon bugu ba shi da wuyar samu. Abin da masu tarawa suke biyan kuɗi a kai shi ne bugun farko, kuma suna gane shi ne kamar yadda dillalin atamfa yake duba lambar da ke gefen turmi kafin ya taya. Bugun farko na Amurka yana da lamba STAO-472, kwalinsa yana buɗewa biyu kamar littafi, takardar tsakiyar faifan koriya ce mai sunan Capitol. A ɗan filin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya akwai ƙananan haruffa da aka zana, masu neman sauti mai kyau suna duba RL, farkon sunan Robert Ludwig, injiniyan da ya yanka uwar faifan a kamfanin Sterling Sound.

Wanda aka fi nema shi ne bugun farko na Ingila. Kamfanin Track ya sa hoton ƴan tsana huɗu a bango, masu kama da Hendrix da Brian Jones da Bob Dylan da mai gabatar da shirin rediyo John Peel. Bangon bai samu karɓuwa ba, ba a daɗe ba aka janye shi aka sa hoton Hendrix a bikin tsibirin Wight. Janyewar nan ce ta sa ya yi ƙaranci, ƙarancin kuma ya ɗaga farashinsa, ga shi kiɗan da ke ciki iri ɗaya ne da na sauran. A Faransa kamfanin Barclay ne ya buga shi, a Jamus kuma Polydor.

Bayan bugu sai lafiyar kaya. Ƙarzuwa a jikin faifai, ko yagewar kwali, ko rubutun biro a bango, duk suna karya farashi. Zafi yana lanƙwasa faifai, ƙura tana cinye layin allura, don haka a tsaye ake jera su a inuwa, ba a ɗora wani kan wani. Duk wanda ya ci karo da tsohon faifai cikin kayan gwanjo ko a adakar wani dattijo, ya duba lambarsa da bangonsa kafin ya yar ko ya sayar a banza.

Ƙarshen rayuwa

Daga Afrilu 1970 ya koma yawon wasa da Cox da Mitchell don ya samu kuɗin ƙarasa gini. Ran 26 ga Agusta aka yi bikin buɗe Electric Lady, daga nan ya wuce Ingila, bai sake taka ɗakin ba. Ya yi wasa a tsibirin Wight a ƙarshen Agusta, wasansa na ƙarshe kuma a tsibirin Fehmarn na Jamus ran 6 ga Satumba. Cox ya kamu da rashin lafiya ya koma gida, aka soke sauran wasannin. Hendrix ya zauna a Landan a gajiye, ga ƙarar Chalpin ta Ingila tana jiransa. Daren 17 ga Satumba ya kwana a masaukin wata budurwarsa Bajamushiya a unguwar Notting Hill, ya sha ƙwayoyin barci guda tara masu ƙarfi, ninki 18 na abin da aka ƙayyade. Ya yi amai cikin barci ya shaƙe. Ran 18 ga Satumba 1970 likitoci suka tabbatar da rasuwarsa. Mai binciken gawa bai samu hujjar cewa da gangan ya yi ba, ya bar hukunci a buɗe. An binne shi ran 1 ga Oktoba a garin Renton kusa da Seattle. Duka-duka shekara huɗu ya yi yana tashe.

Rikicin gado

Bai bar wasiyya ba, ba shi da mata, dukiyar ta faɗa hannun mahaifinsa, mutumin da aikin gyaran lambu ya sani. Kuɗin ƙungiyar da yawa sun bi ta wani kamfani mai suna Yameta a tsibiran Bahamas, kuma Jeffery, wanda ya san sirrin lissafin, ya mutu a haɗarin jirgin sama a sararin Nantes ta Faransa ran 5 ga Maris 1973. Redding ya karɓi dala 100,000 a shekarun 1970 ya sa hannu ya sallama haƙƙinsa, ya yi ta nadama har ya rasu a 2003. Uban ya damƙa komai ga lauya, bayan shekara ashirin ya farga cewa haƙƙin waƙoƙin ɗansa ya fita daga hannunsa. Ya kai ƙara a 1993 da taimakon attajirin Seattle Paul Allen, a 1995 aka mayar masa, iyalin suka kafa kamfanin Experience Hendrix. Da ya rasu a 2002 ya bar ragamar dukiyar, wadda aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 80, ga Janie, ɗiyar matarsa ta biyu da ya riƙa. Leon, ƙanen Jimi uwa ɗaya, ya kai ƙara, a 2004 kotu ta ba shi rashin gaskiya.

Takardar dala ɗaya kuwa ba ta mutu da mai ita ba. An yi sulhu a kan ƙarar Ingila a 1973, aka taƙaita abin da PPX zai iya bugawa. Kamfanin ya ƙetare sharaɗin, magada suka koma kotu, a 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce sai ya biya, hukuncin da ɗaliban shari'a suke karantawa a darasin yarjejeniya. Sai a 2014 iyalin suka mallaki kaset-kaset ɗin PPX, shekara 49 bayan sa hannu. A 2019 suka fito da wasanni huɗun nan na Fillmore East gaba ɗaya, a akwati mai faifan garmaho takwas.

Sunansa ya iso har ƙasashenmu. Bombino, makaɗin jita na Agadez, ya koyi salo yana kallon bidiyon Hendrix lokacin da yake gudun hijira, Mdou Moctar kuma, wanda shi ma bahago ne, ƴan jaridar Turai sun sha kwatanta shi da marigayin. Farar jitar da ya kaɗa a Woodstock an yi gwanjonta a Landan a 1990 a kan fam 198,000, ga mutumin da a da yake jinginar da tasa don kuɗin abinci.

Abin da muke so ƴan kasuwa su ɗauka a nan bai da yawa. Takardar da mutum ya sa wa hannu ranar da yake cikin matsi ba ta san ya yi arziki ba, tana nan tana jiransa. Kafin ka dangwala yatsa a takardar ɗan kamasho ko ta mai ba da kaya bashi, ka nemi wanda ka amince da shi ya karanta maka, ka san wa'adinta, ka riƙe kofinka. Abin da ake binka da wanda kake bi ka rubuta, ka sanar da iyali tun kana da rai. Allah ya sa mu gama lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.